Rabin Maganin

Baure, 14 ga Fabrairu, 2001

Zuwa ga ƙanwata Haulatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Abdulrazak da yara, da aikin asibiti, da ruwan saman Fatakwal ɗin nan naku da ba ya gajiya. Mai ɗakina Saudatu na gaishe ki. Kalilu direba zai taso da tirelar ragunan layya daga kasuwar Mai'adua, shi zai miƙo miki wannan takarda.

Mu nan kowa ƙalau, ban da Baba. Ban san ta inda zan fara ba, don magana ce da bai kamata ta fito daga bakina ba. Kin san ni ɗan fari ne, tsakanina da shi sai gaisuwa. Ga furfura a gemuna, amma har yau "wancan" nake a bakinsa. Ke kuwa auta, ko gemunsa kika ja dariya zai yi.

Larurar kama ruwa ce ta same shi. Saudatu ce ta fara lura butarsa ba ta hutawa. Tsakanin Azahar da La'asar sai ya yi ta zagawa bayan gida, in ya shiga kuma ya daɗe. Ranar nan ina ɗaure akuya a jikin katangar, na jiyo shi yana nishi yana salati ƙasa-ƙasa kamar wanda ake cire wa ƙaya. Na sulale kafin ya fito. Saudatu ta ce wandunansa suna da ɗigo, da wani wari mai ƙarfi. Yanzu ma ya koma ɓoye su yana wankewa da kansa.

Gwaggo Maiturare ta ce sanyi ne ya kama masa mara. Ta haɗa masa jiƙon sassaƙen marke da bagaruwa da jar kanwa, yana kurɓa safe da yamma. Ni kuma na sayo masa kafso ja da baƙi wurin mai tallar magani a kasuwa, ya haɗiyi biyu ya ce sun ishe shi.

Alwala ta fi ciwon damunsa. Tun kafin a haife ni yake ladancin masallacin unguwarmu, kuma bai taɓa hawa kiran salla ba tare da alwala ba. Yanzu da ya yi ta, sai ɗigo ya karya. Tunda aka ƙaddamar da Shari'a masallaci ya cika, an kafa kwamiti, an sayo lasifika, har wasu na cewa muryar Harisu ɗan Liman ta fi tashi. In maganar wando ta fita waje, kin san sauran.

Abinci dai yana ci. Ruwa kuwa kin san shi, moɗa biyu yake shanyewa kafin ya hau kira, wai don maƙogwaro.

Ke ce likitarsa, maganarki kaɗai yake ji. Abin da duk kika rubuto zan daure in karanta masa.

Yayanki,
Munzali

*

Fatakwal, 23 ga Fabrairu, 2001

Yaya Munzali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara na gaishe da Kawunsu. A gaida min Saudatu, Allah Ya saka mata, ita ce mai ido a gidan nan.

Takardarka ta tayar min da hankali. Kuma Yaya, ka yi haƙuri, kai da kafso ja da baƙi sai ka ce gyaɗa. Ciwon kai kafso, gudawa kafso, akuya ta ƙi cin dusa ma na san kafso za ka ba ta. Kada ka ƙara saya masa. Shan biyu a ajiye ba ya kashe ƙwayar cuta, sai dai ya koya mata taurin kai.

Abin da ka kwatanta ciwon mafitsara ne, wato jakar da fitsari ke taruwa a ciki. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga su zauna, shi ya sa raɗaɗin da warin da yawan zagawar. Mata ya fi kamawa. In ya kama namiji mai shekarun Baba, sau da yawa akwai wata tsoka a ƙasan mafitsarar da ta kumbura ta matse hanya, fitsarin ba ya fita duka. Saboda haka dole a kai shi asibiti a Daura, a gwada fitsarin, likita ya duba shi, a rubuta maganin da ya dace, ya sha har ya ƙare ko da ya ji sauƙi a tsakiya.

Gwaggo kuma a lallaɓa ta, kada a ce na raina haɗinta, ka san ta. Amma jar kanwar nan a cire. In dole sai an jiƙa wani abu don hankalinta ya kwanta, a dafa masa gemun masara.

Maganar alwala, ka samu Liman a keɓe. Addini ya yi sauƙi ga mai larurar ɗigo, kowane mai karatun littafi ya san babin. Baba ma ya sani, taurin kai ne irin namu na gado.

Ga abin da za ka sa wa ido. In zazzaɓi ya zo da rawar jiki, ko ya fara riƙe kwiɓi, ko amai, ko ka ji yana magana ba kan gado, to cutar ta haura ƙoda. Ranar nan kada ka tsaya kunyar ɗan fari, ka sa shi a mota.

Kalilu na ta danna min ham a ƙofar asibiti, wai zai bar ni da takardata. Bari in tsaya nan.

Ƙanwarka,
Haulatu

Af, na manta. Baba daina shan ruwa da yawa ko. Shi ne rabin maganin.

*

Baure, 12 ga Maris, 2001

Haulatu,

Sallama da gaisuwa. Barka da Sallah, da fatan kun yi layya lafiya. Namu ragon Baba ne ya yanka da hannunsa, kuma hannun bai yi rawa ba.

Albishirinki. An samu sauƙi, kuma ke ce sila.

Takardarki na karanta masa a zaure, ina fuskantar bango yana fuskantar ƙofa, gumi na karyo min kamar na yi noma. Wajen bayanin tsokar nan na tsallake, bakina ba zai iya ba. Maganar Daura kuwa ban rufe baki ba ya ce a'a. Ya ce Mati mai kabewa lafiyarsa lau ya tafi asibiti, aka dawo da shi da roba da jaka a rataye a cinya, tun daga ranar a bakin ƙofar masallaci yake salla. Ya ce shi ba za a rataya masa najasa ya hau kiran salla ba. Na ce to ko fitsarin kawai ya bayar a kwalba in kai a gwada. Ya yi min wani kallo, wanda rabon da in gan shi tun ina yaro.

Amma da na zo layin ƙarshe, inda kika ce "Baba, daina shan ruwa da yawa, shi ne rabin maganin", sai ya gyara zama. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce, "Ka ji masu ilmi. Dama na raya haka a raina." Gwaggo ma da aka gaya mata ta ce yau boko ya zo inda take, ai mai ciwon sanyi ba ya shan ruwan randa, sanyi ake ƙara wa sanyi. Karon farko ke nan da na ji ta yabe ki.

Tun daga ranar ya kife moɗarsa. Da safe ya kurɓi koko kaɗan, da rana ya jiƙa maƙoshi da rubutun da Liman ke yi masa, shi ke nan. Fura ma sai Saudatu ta dama ta da kauri. Kuma wallahi aiki ya yi. Zagawar ta ragu ƙwarai, alwalar Azahar tana kai shi La'asar, wata rana har Magariba. Ya daina ɓoye wando. Kwamiti ma sun yi shiru da maganar Harisu.

Saudatu ce dai ke ƙorafi. Wai abin da yake fitarwa ya koma ja kamar shayin da ba madara, kuma wurin da ya tsuguna ƙuda na bi. Na ce mata ita da ke wa ya yi karatun asibiti?

Jar kanwa an cire kamar yadda kika ce. Liman ban samu na yi masa maganar ba, tunda alwalar ta zauna ban ga amfanin tona asiri ba.

Kasuwar dabbobi ta mutu bayan Sallah, motoci ba sa tashi. Zan bar wannan a gidan Kalilu, duk ranar da ya samu lodi ya taho da ita.

Munzali

*

Baure, 9 ga Afrilu, 2001

Haulatu,

Ina gaisuwa. Shiru ban ji daga gare ki ba. Na je gidan Kalilu, matarsa ta ce motar na gareji a Kano an sauke inji, takardata ta watan jiya na nan a aljihun motar. Ban san yaushe wannan za ta same ki ba, amma zan rubuta, don ba ni da wanda zan gaya wa.

Zafin bana ya wuce misali. Rijiyar unguwa sai an ƙara igiya, awaki na kwance a gindin katanga suna haki. Kowa na rungume da randa, ban da mutum ɗaya.

Baba ya bushe, Haulatu. Leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa. In zai yi magana sai ka ji harshen na mannewa a ganɗa. Saudatu ta kai masa ruwa da kanta ta durƙusa, ya ce ta ɗauke, "Auta ta hana." Ni ma na fara shakka, amma na ɗauko takardarki na sake dubawa, ga shi nan da hannunki. Na ce wataƙila haka maganin yake, sai an wahala.

Makon jiya ya fara tafiya a karkace yana dafe da kwiɓin dama. Na tambayi Saudatu ta tambaye shi, ya ce tabarma ce ta danne shi. Ranar Talata da rana tsaka, ana wannan zafin, ya ce a kawo masa bargo. Ina jiyo haƙoransa na haɗuwa daga tsakar gida. Gwaggo ta ce shawara ce ta haɗu da sanyin, ta yi masa turare da surace, ya yi gumi ya ce ya warke. Na tuna kin rubuta wani abu a kan rawar jiki, na ce gobe sai Daura. Da gari ya waye sai ga shi ya yi wanka ya sa farar riga ya tafi masallaci da ƙafarsa, ni kuma na ji kunyar tayar da maganar.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na jiya. Ina gyaran danga ya hau kiran La'asar. Muryar ta dushe amma tana fita. Ya zo tsakiya, sai na ji ta lasifika, duk unguwa na ji, ya ce, "Assalatu khairun minan naum." Haulatu, da La'asar, kiran Asuba. Har sau biyu, a natse, kamar yadda yake yi kullum da duhun safiya. Mata suka leƙo ta katanga. Yara suka fara dariya, wani dattijo ya daka musu tsawa. Ni kuwa na saki dangar na nufi masallaci.

Da aka idar Liman ya ja ni gefe, ya ce Baba ya huta kwana biyu, Harisu zai riƙe. Shi Baba bai san ya yi ba. Da ya dawo gida ya tsaya a tsakar gida yana tambayar Saudatu ina Inna ta shiga, ta bar tukunya a wuta. Innarmu da muka binne tun kina makarantar jinya.

Kuma ya kira ni da sunana. Ya ce, "Munzali, rana ta fito ne?" Duk rayuwata ina son in ji sunan nan a bakinsa, da na ji shi kuma sai tsoro ya kama ni.

Ki rubuto. Har yanzu a ci gaba da hana shi ruwan?

Munzali

*

Fatakwal, 17 ga Afrilu, 2001

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau Kalilu ya kawo min takardunka biyu a haɗe. A tsaye na karanta su.

Ban ce a hana shi ruwa ba! Wallahi tallahi ban ce ba. Tambaya na yi. Kai ka rubuto min cewa moɗa biyu yake sha kafin kira, shi ne na ce: Baba DAI NA shan ruwa da yawa ko? Dai daban, na daban. Wato yana nan yana sha ko? Shan ruwan shi ne rabin maganin, shi ke wanke mafitsara ya kore ƙwayoyin. Kalilu na danna ham, na rubuta a kan gwiwata, kalmomin suka manne, ko alamar tambaya ban sa ba. Ɗan wurin da ƙwayar gero za ta zauna na kasa bari a takarda, ga abin da ya jawo.

Amma kai ma Yaya! Ko jaki aka hana ruwa a bazara ai ka san abin da zai biyo baya. Saudatu ta gaya maka, ka rufe mata baki da sunana. Na lissafa maka alamu, rawar jiki, kwiɓi, magana ba kan gado, duk sun zo sun wuce ta gabanka kana jin kunya. Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina fiye da haka, ban san wanda zan fara yi wa kuka ba.

Zagawar ba sauƙi ya sa ta ragu ba, babu abin da zai fita ne. Cutar ta haura ƙoda, kuma ruɗewar nan alama ce ta fara shiga jini. Yadda takardar nan ta same ka, ko kana cin abinci ne, ka ajiye. Ka nemo mota, ka ɗauke shi ko yana so ko ba ya so. A hanya a riƙa ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In likita ya ce sai an sa roba, a sa. Ba kowa ke dawwama da ita ba, sau da yawa ta 'yan kwanaki ce.

Ka karanta masa wannan da ƙarfi: BABA, KA SHA RUWA. NI CE HAULATU. KA SHA RUWA DA YAWA.

Ba zan jira Kalilu ba, na ba wani ɗan Daura mai sayar da agogo da zai hau motar Kano yau. Na nemi hutu, an ce sai abokiyar aikina ta dawo daga jego. Ko an ba ni ko an hana, ƙarshen wata ina hanya.

Haulatu

*

Daura, 24 ga Afrilu, 2001

Haulatu,

Muna asibiti. Daga barandar ɗakin maza nake rubuto miki, mai agogon zai juya gobe.

Takardarki ta same ni a zaure. Faɗan da kika yi min na karɓa, bai ma kai ba. Na shiga ɗakinsa ba sallama, na sunkuce shi. Bai fi nauyin ɗan maraƙi ba. Yana dukan ƙirjina yana cewa wancan ya yi hauka, ni kuma ina kuka har muka kai mota. A asibitin nan ni na cire masa wando da hannuna aka sa robar. Abin da ya fito a jakar ba zan kwatanta miki ba.

Likita ya yi ƙoƙari. An gwada fitsari da jini, ya ce ƙodar ta taɓu amma bai fid da rai ba, in dai jikin ya samu ruwa kuma allurai suka shiga a kan lokaci. To a nan matsalar take.

Na karanta masa layin da kika rubuta da manyan baƙaƙe. Na karanta, na sake, har mutanen gadajen kusa suka haddace. Ya saurara, ya ce, "Da can ka karanta min ta ce in daina. Yanzu ka karanta min ta ce in sha. Hannu ɗaya, baki ɗaya. Wanne ne ƙaryar?" Na nuna masa takardun biyu, na nuna masa inda kalmomin suka manne. Ya ce shi bai san boko ba, Auta ya sani. Ya ce mun haɗa baki da kwamiti ne don alwalarsa ta ƙi zama a ba Harisu lasifika.

Ruwan leda da ake sa masa ma, wata ma'aikaciya ta yi kuskuren cewa a gabansa za a yi masa ƙarin ruwa. Da ya ji kalmar ruwa sai ya fizge allurar, jini har bango. An mayar, ya sake fizgewa. Yanzu an ɗaure hannun da bandeji a jikin gado, ni da Saudatu muna karɓa-karɓa wajen riƙe ɗayan. Jijiyoyin sun ɓuya, jiya sai a ƙafa aka samu. Liman ya zo da kansa ya karanta masa babin mai larura, ya ce sallarsa ta yi ko da roba. Baba ya gyaɗa kai, amma ruwan bai sha ba.

Abu ɗaya ya yarda da shi. Ya sa an ɗauko moɗarsa daga gida, an cika ta an rufe da faifai a kan durowar gefen gado. Ya ce in Auta ta zo ta faɗa da bakinta, ta ba shi da hannunta, zai shanye har ya nemi ƙari. Kullum da safe Saudatu na zubar da na jiya ta zuba sabo.

Saboda haka kada ki sake rubutowa, takarda ta gama aikinta a gidan nan. Kada ki jira ƙarshen wata, kada ki jira mai jego. Ki hau duk motar da kika samu, ko ta shanu ce.

Tun da muka zo, duk wanda ya turo ƙofar ɗakin sai ya ɗaga kai ya ce, "Ita ce?" Jiya an yi ta shige da fice har yamma, bai tambaya ba.

Yayanki,
Munzali